Ranar da Kibiya ta Rinjayi Lifidi



Mu da muka tashi a zangunan Tamale muna kallon dawaki da adonsu ranar Damba, mun saba jin kirarin mahaya. Da wuya a ji maroƙi ya wasa ɗan baka. Amma akwai ranakun da makomar ƙasa ta rataya a wuyan talaka mai tafiya a ƙasa da kwari a kafaɗa.

A ƙasar Hausa doki abin sarauta ne. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kananeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi, wato rigar kariya mai kauri da ake cusa wa auduga, a lulluɓe doki da mahayinsa. Ba kowa ke iya mallakarsa ba. Baka kuwa makamin makiyayi ne da manomi da mafarauci. Ƙaramin baka ne, ƙarfinsa yana ga dafin da ake shafa wa kan kibiya. Ko kaɗan ta ƙwarzani doki, aiki ya gama.

A watan Yuni na 1804, wata huɗu bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu, Sarkin Gobir Yunfa ya fito da barade da 'yan lifidi da Buzaye bisa raƙuma. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi, dawakinsu ba su wuce ashirin ba, galibinsu 'yan baka ne. Aka haɗu a Tabkin Kwatto. Dawakin Gobir suka turo gefen dama da na hagu har suka matse su zuwa tsakiya. Maimakon su watse, sai suka dunƙule wuri ɗaya suna ta sakin kibau. Dawaki suka kasa keta su, rundunar Gobir ta karye, Yunfa ya tsere ya bar kayan yaƙinsa. Abdullahi ya kwatanta ranar da ta Badar.

Turawa ma suna da irin wannan labari. A 1415, a filin Ajinkot, Sarkin Ingila Henri na Biyar ya fuskanci manyan Faransa sanye da sulken ƙarfe. Akasarin mutanensa 'yan baka ne, bakansu ya kai tsayin mutum. Suka kafa turaku masu tsini a gabansu, ruwan sama kuma ya mai da filin laka. Dawakin da kibiya ta soka suka juya suka tattake nasu, masu sulke suka kafe a taɓo.

Sai dai kada mu ɗauka baka ya fi doki a kowane hali. A 1429, a Pate, mahayan Faransa suka auka wa 'yan bakan Ingila tun ba su gama kafa turaku ba, suka yi musu kaca-kaca. Haka a Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, Gobirawa da Buzaye suka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna, cikin mamatan har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Ɗan baka yana cin nasara ne idan ya sami wurin tsayawa, na kusa da shi kuma bai gudu ba. Shi ya sa bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, daular Sakkwato da kanta ta dogara ga dawaki.

Nan arewacin Gana, Bulsawa na Sandema har yau suna fitowa da baka da kwari da hular ƙaho kowane Disamba a bikin Feyok, suna tuna yadda kakanninsu suka tare mahayan Babatu Bazabarme masu kamun bayi. Sun riƙe alherin 'yan bakansu. Mu ma ya kamata in muna ba yara labarin Tabkin Kwatto mu gaya musu ko su wane ne suka tsaya a tsakiyar fili.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.