Ranar da aka matsar da dalar Giza

A watan Fabrairu na 1982, mujallar National Geographic ta Amurka ta fito da hoton ayarin raƙuma suna wucewa a gaban dalolin Giza na ƙasar Masar. Gordon Gahan ne ya ɗauki hoton, kuma a kwance ya ɗauke shi, faɗinsa ya fi tsayinsa. Bangon mujallar kuwa a tsaye yake. Idan aka datse gefe don hoton ya shiga bangon, wani ɓangare na dalolin zai fita. Sai editoci suka zaɓi wata hanya: suka kama dala ɗaya suka matso da ita kusa da 'yar'uwarta. Ginin da ya haura shekara 4,000 bai motsa ba, ya motsa a teburin masu shirya ɗab'i.

Haɗa hoto ba sabon abu ba ne a lokacin. Tun a 1857 Oscar Rejlander ya harhaɗa hoto guda daga hotuna kusan talatin a Ingila, kuma a zamanin Stalin an kankare Nikolai Yezhov daga gefen shugaban bayan ya faɗi daga mulki. Amma wancan aiki ne na almakashi da gam da buroshi, mai cin kwanaki, wanda ƙwararren ido ke iya gano ɗinkinsa. Abin da ya bambanta 1982 shi ne na'urar da aka yi amfani da ita, ta kamfanin Scitex na Isra'ila, wadda ke mayar da hoto ƙananan ɗigo, kowane ɗigo da lambar launinsa da ta gurbinsa. Da zarar hoto ya zama lambobi, matsar da dala ya zama sauya lissafi kawai. Sai dai na'urar tana da tsadar da manyan gidajen ɗab'i kaɗai ke iya sayenta.

Da maganar ta fito, editan mujallar, Wilbur Garrett, ya kare kansa da hujjar da ta cancanci a tsaya a kanta. A ganinsa ba a ƙirƙiri komai ba: tamkar an koma baya ne an gusar da mai ɗaukar hoton 'yan taku zuwa gefe, domin daga wani wurin tsayuwa dalolin za su fi kusantar juna a ido. Hujjar tana da ƙanshin gaskiya, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Idan mutum ya gusa gefe, komai na gabansa yana sauya wuri tare, kuma na kusa ya fi na nesa gusawa. Raƙuman za su zame fiye da dalolin. A cikin na'urar kuwa abu ɗaya aka ɗaga, sauran suka tsaya cik. Abin da mai karatu ya gani a bangon, ke nan, kallo ne daga wurin da babu shi a doron ƙasa. Daga baya mujallar ta amsa cewa kuskure ne, ta ce ba za ta sake ba.

Shekara biyu bayan haka wannan iko ya fara sauka hannun mutane. A 1984 kamfanin Apple ya fitar da kwamfutar Macintosh tare da manhajar zane ta MacPaint, wadda Bill Atkinson ya rubuta. A cikinta akwai alamar igiyar zarge, da mutum zai kewaye abin da yake so ya ja shi zuwa wani wuri, da kuma layin nan mai ɗigo-ɗigo da ke ta zagaya abin da aka zaɓa, wanda ake kamantawa da jerin tururuwa. Har yau tururuwan suna nan suna tafiya a kusan kowace manhajar gyaran hoto.

Sai dai duk wanda ya taɓa gwadawa ya san cewa ɗaga abu ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce ramin da ya bari. Hoto ba shi da baya. Kyamara ba ta ga abin da dala ta kare ba, don haka idan aka ja ta, farin fili ne ke bayyana. Tarihin waɗannan manhajoji, a taƙaice, tarihin cike wannan rami ne. Photoshop na 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, wanda Adobe ta fitar a 1990, ya ba mai aiki damar kwafo yashi ko sararin sama daga gefe ya shafe gurbin da hannu. A 1994 aka ƙara masa tsarin shimfiɗu, inda kowane yanki ke zama a kan nasa gilashin, a ɗora wani bisa wani, a matsar da ɗaya ba tare da an ɓata na ƙasa ba. A 2012 kuwa ya zo da kayan aikin da ke matsar da abu sannan ya cike gurbin da kansa, ta hanyar lalubo yankunan hoton da suka fi dacewa da bakin ramin.

Amma tun kafin wannan mataki na ƙarshe, labarin ya riga ya komo Masar. A farkon Satumba na 2010 an ɗauki hoton shugabanni biyar suna tafiya a kan jar darduma a Fadar White House, lokacin tattaunawar sulhu tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa. Barack Obama ne a gaba. Benjamin Netanyahu da Mahmud Abbas da Sarki Abdullah na Jodan suna biye. Husni Mubarak yana can gefe, ya ɗan ja baya. Da jaridar Al-Ahram ta gwamnatin Masar ta buga hoton a tsakiyar watan, Mubarak ne ke jan ayarin. Ba a goge kowa ba, ba a ƙara kowa ba. Wuri kawai aka sauya, kuma a hoton shugabanni wuri shi ne daraja.

Ba ɗinki ne ya tona asirin ba. Ainihin hoton ya riga ya bazu a duniya, sai wani ɗan Masar mai suna Wael Khalil ya jera biyun kusa da juna a intanet. Babban editan jaridar, Osama Saraya, ya ce hoton na nuni ne da jagorancin da Mubarak ke yi a batun Falasɗinu. Garrett ya yi da'awar cewa akwai wurin da za a tsaya a ga dalolin haka. Saraya bai ma nemi irin wannan wurin ba. Wata biyar bayan buga hoton, ranar 11 ga Fabrairu 2011, Mubarak ya sauka daga mulki.