Yadda "Nice" Ta Tashi Daga Zagi Ta Koma Yabo

Kalmar "nice" tana cikin sifofin da suka fi yawo a bakin masu jin Turanci. Da ita ake yabon mutum mai kirki, da abinci mai daɗi, da ranar da gari ya waye garau. Amma asalinta zagi ne. Tushenta kalmar Latin ce, "nescius", wato jahili, wanda bai san komai ba.

Ta Faransanci ta biyo. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Turanci. Wajen shekarar 1300 aka fara ganin "nice" a rubuce da ma'anar wawa ko sakarai, kuma marubuci Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita a haka.

Daga nan ma'anarta ta yi ta sauya sheƙa. An jefi ɗan holewa mai son ƙawa da ita, aka kuma laƙaba ta ga mai iyayi, irin wanda zai yatsina fuska a gaban akushi ya ce miyar ba ta yi masa ba. Wannan tsantseni ne ya kai ta ga aikin da aka yi da lura, ba ragi ba ƙari, kuma irin waɗannan ma'anoni ne suka fi yawa a ƙamusun Samuel Johnson na 1755. A rubuce-rubucen ƙarni na 16 da na 17 sau da yawa ko masana ba sa iya tantance wace ma'ana marubuci ke nufi.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 18 ta koma nufin abu mai daɗi, sai masu kishin harshe suka fara ƙorafi. A littafin Jane Austen, Northanger Abbey, wanda ya fito a 1817, Henry Tilney ya zolayi Catherine Morland don ta yabi wani littafi da ita, yana ganin an mai da kalmar ta kowane abu. Ƙorafin bai hana komai ba, domin bakin jama'a ya fi ƙarfin ƙamus.

Birnin Nice na Faransa ba ruwansa da wannan tarihi, sunansa daga kalmar Girkanci ta nasara ya fito. A Sifaniyanci kuwa 'yar'uwar "nice", wato "necio", har gobe wawa take nufi.