Bière d'abbaye: abin da ke cikin baƙar giyar gidajen zuhudu na Beljiyam

Wanda ya shiga babban kanti a Burusel ko Paris, ko ma a Yawunde da Duwala, zai iya ganin wasu gajerun kwalabe masu ɗauke da hoton coci ko na wani dattijo cikin doguwar riga, an rubuta musu « bière d'abbaye » ko « trappiste ». Sau da yawa abin da ke ciki baƙi ne ko ja mai duhu, ga kauri ga ɗan zaƙi, har ana iya ɗaukarsa lemun malta. Ba malta ba ne. Giya ce, kuma tana cikin mafi ƙarfi da ake sayarwa a Turai.

Asali

Sunan Trappist ya samo asali ne daga gidan zuhudu na La Trappe a yankin Normandi na Faransa, inda Armand-Jean de Rancé ya tsaurara dokokin zaman sufayen Katolika a 1664. Ƙa'idarsu ita ce su ci daga gumin kansu. Juyin juya halin Faransa ya tarwatsa su, wasu suka zauna a ƙasar da daga baya ta zama Beljiyam, suka kama noma da yin cuku da dafa giya. Gidan Westmalle ya fara dafawa a 1836, na Scourmont mai yin Chimay kuwa a 1862. Ba duka gidajen ƙungiyar ne ke wannan sana'a ba: na Koutaba a yammacin Kamaru, alal misali, da noman kofi aka san shi.

Trappiste dabam, abbaye dabam

Nan ne masu saye suka fi ruɗewa. Da giyar sufaye ta yi suna, 'yan kasuwa suka shiga ara wa kayansu sunan, har maganar ta kai kotu a birnin Gand a 1962, aka hana wanda ba ɗan ƙungiyar ba amfani da kalmar. A 1997 gidajen suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa da ƙasa, mai ba da tambari mai kusurwa shida. Sharaɗin samunsa shi ne a dafa giyar a harabar gidan zuhudu, sufaye su sa ido a kan aikin, ribar kuma ta tafi ga ɗawainiyar gidan da taimakon mabukata.

« Bière d'abbaye » ba ta da wannan takunkumi. Yawanci kamfani ne ke yin ta, ya biya wani gidan zuhudu ladan aron suna, ko ya ɗauki sunan gidan da ya daɗe da rushewa. Leffe, wadda ta fi yawa a kantuna, mallakar AB InBev ce, kamfanin giya mafi girma a duniya. Wannan bai sa dukkansu su zama na baya ba. Masana'antar St. Bernardus a ƙauyen Watou ta yi wa sufayen Westvleteren giya bisa yarjejeniya daga 1946 zuwa 1992, kuma Abt 12 ɗinta har yau ana jera ta da na sufayen.

Yadda take yin duhu da ƙarfi

Tushenta tsiron sha'ir ne, wato hatsin da aka jiƙa ya tsira aka busar, kamar yadda ake yi wa dawa. Ana gasa wani ɓangarensa don ya ba da launi. Amma sirrin Beljiyam shi ne sukarin da aka dafa har ya yi duhu, wanda suke kira « sucre candi ». Yis yana cinye kusan dukkan wannan sukari ya mayar da shi barasa, sai ƙarfi ya hau ba tare da ruwan ya yi nauyin da zai gundiri mai sha ba. Furen « houblon » mai kawo ɗaci kaɗan ake sawa. Kafin a rufe kwalba ana ƙara ɗan sukari da yis, giyar ta sake tashi a ciki. Shi ya sa ake samun guggubi a gindin kwalbar, kuma ɗanɗanon yana ci gaba da sauyawa tsawon shekaru.

Wadda ake kira « dubbel », irin ta Westmalle, tana da barasa kashi 7 cikin ɗari. Chimay mai shuɗin tambari tana da 9, Westvleteren 12 tana da 10.2, Rochefort 10 kuwa 11.3. Lambobin 10 da 12 ba ƙarfin barasa ba ne, tsohon ma'aunin kaurin ruwan ne kafin ya tashi. Sunan « quadrupel » da ake yi wa mafi ƙarfinsu sabo ne: gidan Koningshoeven na ƙasar Holan ya fito da shi a 1991.

Abin da masu ɗanɗano ke nema

Ba a shan ta da sanyin ƙanƙara. Masana na son ta tsakanin digiri 10 zuwa 14, don tsananin sanyi yana kulle ƙamshi. Ana tsiyaya ta a hankali cikin kofin gilashi mai faɗin baki da ƙafa, a bar guggubin a kwalba. Ido ke fara aiki: a hasken fitila mai kyau ba baƙa ƙirin ba ce, ja ce kamar cikakken zoɓo, da kumfa mai launin ƙasa-ƙasa. Sai hanci. Ana ambaton busasshen inabi, ɓaure, dabino, ayaba da ta nuna sosai, kanumfari, wani lokaci cakulan ko ƙamshin ɓawon burodi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan 'ya'yan itatuwa da aka zuba a tukunya. Yis ne ke haifar da wani ɓangare na ƙamshinsu idan ya yi aiki cikin ɗumi, kuma gidaje da dama na tattalin irin yis ɗinsu kamar yadda manomi ke tattalin iri. A baki ana son zaƙi ya zo da farko ya wuce, ƙarshen ya bushe da ɗan ɗumi a maƙogwaro. Idan zaƙin ya manne kamar sirop, ko barasar ta yi ƙuna, masana na ɗaukarsa aibi.

Wannan laushi shi ne haɗarinta. Kwalbar Rochefort 10 mai santilita 33 tana ɗauke da tsantsar barasa kusan mililita 37, alhali babbar kwalba mai santilita 65 ta giyar da ke da kashi 5 ba ta wuce mililita 33 ba. Ƙaramar ta fi babbar bugarwa, ba tare da harshe ya gargaɗi mai sha ba.

Ga Musulmi, hukuncinta hukuncin kowace barasa ne, hoton coci da zancen sadaka ba su sauya komai. Matafiyi ko ɗalibi a Beljiyam da arewacin Faransa yana iya haɗuwa da ita ba a kofi ba: da baƙar giya ake dafa naman « carbonnade flamande », kuma akwai cukun Chimay da ake wanke bayansa da ita. Kalmomin « à la bière » a jerin abinci, da alamar « % vol. » a jikin kwalba, su ne abin dubawa.

Halin da ake ciki

Kasuwa ba ta yi wa sufayen ƙaranci ba. Tun da wani shafin masu ɗanɗano ya ayyana Westvleteren 12 a matsayin giya mafi kyau a duniya a 2005, masu nema suka yi wa gidan Saint-Sixte yawa, amma sufayen ba su mayar da shi babbar masana'anta ba. Sai an yi rajista ta intanet, kuma mai saye na alkawarin ba zai sake sayarwa ba. A 2016 UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin gadon ɗan Adam.

Abin da ke ƙarewa shi ne sufayen kansu. Matasa ba sa shiga zuhudu kamar da, waɗanda suka rage kuma sun tsufa. Gidan Achel ya rasa tambarinsa a 2021 bayan sufayensa na ƙarshe sun koma Westmalle, ko da yake ba a daina dafa giyar ba. Saura gidaje biyar a Beljiyam: Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren. Rochefort kuma ya shafe shekaru yana shari'a da kamfanin haƙar dutse na Lhoist a kan maɓuɓɓugar Tridaine da yake ɗibar ruwa, har kotun ɗaukaka ƙara ta Liège ta ba sufayen gaskiya a 2021.