Harawa da Burtali: Tarihin Abincin Tumaki a Ƙasarmu

Da yawa daga cikinmu mazauna birane ba mu tuna tumaki sai Babbar Salla ta ƙarato, mu je kasuwa muna kukan tsadar rago. Alhali kuwa farashin ragon nan yana da tarihi, kuma rabin tarihin nasa a cikin ciyawa yake.

Kakanninmu ba su san kalmar furotin ba, amma sun san cewa ciyawa ba ɗaya ba ce. Da damina ana ɗaure tumaki a turke don kada su yi ɓarna, yara su yanko musu harkiya da kyasuwa, ko a bi burtali da su zuwa makiyaya. Da zarar kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, sai amfaninta ya ragu ƙwarai. Dabba za ta cika ciki amma tana ramewa. A nan ne harawar gyaɗa da ta wake, waɗanda aka jibge a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya, suke ceton garke. Ba kuma kowace dabba ake ba daidai ba. Tunkiya mai tsohon ciki da mai shayarwa su ne kan gaba, domin a makonnin ƙarshe na wata biyar ɗin da take ɗauke da ciki ne ɗan ya fi girma. Ragon kiwo kuwa a ƙara masa dusa da ɗan kanwa. Sai gawo, bishiyar da ke zubar da ganye da damina, ta zubo 'ya'yanta da rani, daidai lokacin da ake buƙata.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta bunƙasa noman gyaɗa. Masu tarihi sukan tsaya a kan dala da kuɗin da Turawa suka samu, su manta da cewa kowace gonar gyaɗa rumbun harawa ce. A ganina Uda da Balami da 'Yankasa sun ci ribar wancan zamani ba kaɗan ba. Farin 1972 zuwa 1974, sannan cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, su suka karya wannan tsari.

Hukuma ta yi nata yunƙurin. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya a 1965, aka kuma mayar da gonar dabbobi ta Shika cibiyar bincike ta ƙasa, wato NAPRI, a 1976. Sai dai yawancin filayen da aka keɓe ba a tabbatar da su a doka ba, gonaki da gidaje suka yi ta cin burtali taku bayan taku. Abin da dabba take samu kyauta a jeji ya koma na saye, har harawa ta zama haja da ake loda wa mota zuwa birni, ƙunshinta yana ƙara tsada tun daga bazara har faɗuwar ruwan fari.