Unita Blackwell: Matar da ta yi wa ƙauyensu rajista ya zama gari

Tun da bikin cikar ƙungiya ya sake zagayowa, mun keɓe wannan shafi don tarihin wata mace da ta riƙe amanar jama'a. Bana mun yi nisan zango, har ƙasar Amurka, jihar Misisipi, wani ɗan gari mai suna Mayersville a bakin babban kogin Misisipi. A lokacin da labarinmu ya faru mutanen garin kamar 500 ne, wato wata unguwar tamu ma ta fi shi jama'a. A nan ne a shekarar 1976 Unita Blackwell ta zama magajiyar gari, baƙar mace ta farko da ta taɓa hawa irin wannan kujera a duk jihar.

In an ambaci Amurka, abin da ke zuwa mana a rai shi ne dogayen benaye da wutar da ba ta ɗaukewa. To ku ajiye wannan hoton tukuna. Yankin da aka haifi Unita, wanda ake kira Delta, ƙasar noman auduga ce, kuma baƙaƙen fatar da ke cikinta jikokin bayi ne waɗanda aka 'yanta a takarda amma aka bar su ba gona ba jari. An haife ta ranar 18 ga Maris, 1933, a wani ƙauye mai suna Lula. Iyayenta na noma a gonar Bature bisa tsarin raba amfani: mai gona ya ba ka iri da abinci bashi, in an yi kaka ya auna audugar da kansa, ya yi lissafin da kansa, sau da yawa ya ce har yanzu yana bin ka. Littafin lissafi na hannun mutum ɗaya, kuma ba ka da bakin cewa a nuna maka. Tana 'yar shekara uku mahaifinta ya samu saɓani da mai gonar, dole ya tsere ya bar jihar don tsira da ransa.

Karatun 'ya'yan baƙaƙe a Misisipi a wancan zamani sai abin da aikin gona ya rage. Saboda haka aka riƙa kai ta wurin 'yan uwa a West Helena da ke jihar Arkansas, tsallaken kogi, don ta samu makaranta. Duk da haka a aji takwas karatun ya tsaya. Ta koma sharar gona da tsinkar auduga, ana biyan ta dala 3 a wuni. Ta yi aure da Jeremiah Blackwell, suka haifi ɗa namiji a 1957, daga baya suka tare a Mayersville inda mijin ke da gado. Har ta kai shekara 31 ba abin da ya bambanta ta da sauran matan ƙauyen, sai dai tana koyar da yara a cocinsu ranar Lahadi.

A tsakiyar 1964 wasu matasa 'yan ƙungiyar ɗalibai ta SNCC suka zo cocin, suka yi bayanin cewa baƙar fata ma yana da 'yancin jefa ƙuri'a. A duk Misisipi a lokacin, baƙaƙen da ke da rajistar zaɓe ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. A gundumarsu ta Issaquena kuwa baƙaƙe ne suka fi yawa, amma Turawa ne ke zaɓe, su ake zaɓa. Da aka nemi masu sa kai su je rajista, Unita da mijinta suka miƙe. Su takwas suka tafi harabar kotun gunduma inda ofishin rajista yake. Turawa suka kewaye wurin cikin motocin a-kori-kura, da bindigogi a fili don kowa ya gani. Dokar jihar ta ce sai ka karanta wani sashe na tsarin mulkin Misisipi ka fassara shi yadda zai gamsar da magatakarda, shi kuwa magatakarda ba ya gamsuwa da baƙar fata ko da malamin makaranta ne. Ba a yi musu rajista ba. Nan da nan kuma aka kori Unita da mijinta daga aikin gona.

Ku duba fa, mace mai ƙaramin yaro, abincin gidan ya yanke saboda ta je a rubuta sunanta a littafi. Wata da sai ta koma ta ba da haƙuri. Ita kuwa sai ta shiga aikin SNCC gadan-gadan, tana bi gida-gida tana lallashin mutane su fito rajista. A nan ta haɗu da Fannie Lou Hamer, wata jarumar mata da ita ma aka kora daga gonar auduga saboda wannan dalili, ta zama mata kamar yaya. A watan Agusta 1964 suna cikin wakilan sabuwar jam'iyyar 'yanci da baƙaƙen Misisipi suka kafa, waɗanda suka je babban taron jam'iyyar Dimokurat a Atlantic City suka ce su ne halattattun wakilan jihar, tun da tawagar Turawa ta hana baƙaƙe shiga. Aka yi musu tayin kujera biyu kacal, suka ƙi karɓa.

A farkon 1965 aka dakatar da ɗalibai wajen 300 daga makarantar gundumar saboda sun maƙala bajon SNCC a rigunansu. Iyalin Blackwell suka kai hukumar ilimi ƙara, shari'ar ma da sunansu aka san ta har yau. Kotu ba ta ba su gaskiya kan bajo ba, amma ta ba da umarnin a daina raba makarantun Turawa da na baƙaƙe a gundumar. A watan Yuni na shekarar aka kama ta a Jackson, babban birnin jihar, tare da ɗaruruwan masu zanga-zanga, aka tsare su kwana da kwanaki a rumfunan da ake baje kolin dabbobi. A lissafinta an kama ta fiye da sau 70 a tsawon gwagwarmayar. Ranar 6 ga Agusta, 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe, wadda ta kawar da waccan jarrabawa ta karatu.

To, a nan ne labarin ya fi shafar mu. An samu ƙuri'a, amma ƙuri'a ba ta toshe rufin da ke yoyo. Mutanen Delta na nan cikin gidajen katako masu ɓuli, ga shi injina sun fara karɓe aikin auduga daga hannun mutane. Sai Unita ta koma aiki da Majalisar Baƙaƙen Mata ta Ƙasa, ƙarƙashin shugabancin Dorothy Height, a ɓangaren samar wa talakawa gidaje. Ɗaya daga cikin ayyukansu shi ne rukunin gidaje 200 a Gulfport, bisa tsarin da iyali za su shiga gida suna biya kaɗan-kaɗan, aikin gyara da kula da gidan da suka yi da hannunsu kuma a lissafa musu shi cikin kuɗin mallaka. Mu da muka san adashe da bashi mai juyawa ba sai an yi mana dogon bayani ba. A wannan aiki ne ta koyi yadda gwamnati ke fitar da kuɗi: wane ofis, wane fom, wane sharaɗi, wa ke sa hannu.

Da ta waiwayi garinsu da wannan ido, sai ta gano inda gizo ke saƙa. Mayersville shi ne hedikwatar gundumar Issaquena, amma a doka ba gari ba ne, tarin gidaje ne kawai. Ba shi da majalisa, ba shi da magajin gari, ba shi da asusu. Gwamnatin tarayya na da tallafin ruwan sha da magudanai da hanyoyi don ƙananan garuruwa, amma ba ta miƙa wa jama'a a tsaye, sai hukumar da doka ta sani, wadda za ta sa hannu ta karɓa kuma a tambaye ta lissafi. Shi ya sa titunan Mayersville ba kwalta, ba famfon gari, ba magudanar ƙazanta, yawancin gidaje sai masai a bayan gida.

Unita ta ɗauki wannan aiki da ba wanda ke yi masa tafi. Yi wa gari rajista na bukatar a shata iyaka, a tattara sa hannun masu zaɓe, a kai takardu gaban hukuma. Dole ta zauna da baƙaƙe masu tsoron za a ɗora musu haraji, ta kuma zauna da Turawan da shekara goma baya suna cikin masu hana ta rajista. A 1976 Mayersville ya zama gari a doka, ita kuma ta zama magajiyarsa ta farko.

Abin da ya biyo baya ba asiri ba ne, neman tallafi ne ɗaya bayan ɗaya. Aka kafa tsarin ruwan famfo. Aka haƙa magudanan ƙazanta. Aka shimfiɗa kwalta, aka sa fitilun titi. Garin ya samu 'yan sanda da 'yan kwana-kwana nasa. Aka gina gidaje don tsofaffi da naƙasassu. Duk wadda ta taɓa ɗaukar ruwa a ka daga nesa ta san darajar famfo a tsakar gida, ba sai an fassara mata ba. Kuma ruwan nan bai tambayi launin fata ba, ya shiga gidan Bature ya shiga gidan baƙi.

Tana kan kujerar ta ga cewa ilimin da ta tsinta a hanya na bukatar ƙari. Jami'ar Massachusetts da ke Amherst ta karɓe ta bisa gogewarta, ta kammala digiri na biyu a fannin tsara yankuna a 1983, tana da shekara 50. Wadda ta tsaya a aji takwas ke nan. Sunanta ya wuce iyakar gunduma: ta fara zuwa ƙasar Sin a 1973, daga baya ta shugabanci ƙungiyar zumuncin al'ummar Amurka da Sin na shekaru. Daga 1990 zuwa 1992 ita ce shugabar ƙungiyar baƙaƙen magadan gari ta Amurka. A 1992 gidauniyar MacArthur ta ba ta lambar yabo mai ɗauke da dala 350,000 saboda aikinta na gidaje da raya karkara.

Ba komai ta nema ta samu ba. A 1993 ta tsaya takarar majalisar wakilai ta tarayya ta faɗi, Bennie Thompson ya ci. Ta riƙe garin fiye da shekara 20, ta sauka daga kujerar a 2001. A 2006 ta fitar da littafin tarihin rayuwarta, daga baya ciwon mantuwa na tsufa ya kama ta. Ta rasu ranar 13 ga Mayu, 2019, tana da shekara 86.

Gaskiya ɗaya da bai kamata mu ɓoye ba ita ce Mayersville bai zama birnin arziki ba. Gundumar Issaquena har yau tana cikin mafi talauci a Amurka, kuma a ƙidayar 2020 mutanenta ba su kai 1,500 ba, don matasa na ta ficewa neman aiki. Magajiyar gari na iya kawo famfo, ba ta iya dawo da aikin da injin ya cinye. Amma waɗanda suka zauna sun zauna da ruwa da hanya da hukumar da za su iya zaɓa su kuma iya tsigewa, abin da iyayensu ba su taɓa samu ba.

'Yan uwa, in muka duba rayuwar matar nan za mu ga sau biyu ta yi faɗa a kan rajista. Na farko don a rubuta sunanta, na biyu don a rubuta sunan garinsu. Na farkon ne ya kai ta gidan yari, na biyun ne ya kawo ruwa. Ta girma a inda mutum ɗaya ke riƙe littafin lissafi ba mai leƙawa, ta ƙare tana riƙe da littafin gari a buɗe.

Mu ma a nan mun san yadda ake yi. Ranar rabon riba ɗakin taro ba masaka tsinke, ranar karanta rahoton kuɗi kuwa kujeru na kuka. In aka zo zaɓen sakatariya ko ma'aji, sai ka ji "ni ban yi boko ba, a bar wa su Hajiya." Su Hajiyan nan sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, amma sun fara gajiya, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Takardar rajistar ƙungiyar nan da littattafanta su ne suka bambanta mu da adashen tsakar gida, su ne banki ke dubawa kafin ya saurare mu. In babu masu koyon riƙe su a bayanmu, ranar da muka kau sai a koma inda aka faro.

Saboda haka a taro mai zuwa, idan ma'aji ta buɗe littafi, a matso kusa. Wadda ba ta gane ba ta yi tambaya, ba kunya a ciki. Mai 'ya budurwa da ta yi makaranta ta zo da ita ta zauna gefen sakatariya ta ga yadda ake rubuta bayanin taro da cike fom. Unita Blackwell ma tana da shekara 31 ta fara, da aji takwas da hannu mai kantar auduga.

Allah ya maimaita mana, ya bar zumunci.