Insulin da murhun da ke cikin tsoka

A darasin SVT mukan ce wa ɗalibai insulin mabuɗi ne da ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga ƙwayoyin jiki. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Sauran rabin sai da masana suka shafe sama da shekara 100 kafin su kai gare shi, kuma ya shafi yadda muke renon yaranmu.

Abin ya faro a 1889 a birnin Strasbourg, inda Minkowski da von Mering suka cire wa wani kare pankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi, sai ciwon sukari ya kama shi. A 1921, a Toronto ta ƙasar Kanada, Banting da Best suka tatso sinadarin daga wannan gaɓa, Collip ya tace shi. A Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson allurarsa, yaro ɗan shekara 14 da ciwon ya kusa kai shi kabari. Ya ƙara shekara 13 a duniya.

Magani ya samu, amma yadda yake aiki bai fito fili ba. A 1949 Rachmiel Levine ya nuna cewa insulin ne ke sa sukari ya ratsa cikin ƙwayoyin jiki. A farkon shekarun 1980 binciken Ralph DeFronzo ya tabbatar da cewa tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin da insulin ke kawarwa daga jini.

To, in sukarin ya shiga tsoka, ina yake zuwa? Wani a ajiye shi, wani a ƙona shi. Wurin ƙonawar shi ne mitokondiriya, wasu ƴan ƙananan murahu da ke cikin ƙwayar halitta. Carl Benda ne ya raɗa musu suna a 1898. A ƙarshen shekarun 1940 Kennedy da Lehninger suka nuna cewa a cikinsu ake ƙona kitse da abin da ya fito daga sukari. Da furotin ake gina waɗannan murahu, kuma furotin ɗin yana tsufa, dole a riƙa sabunta shi.

A nan hanyoyin biyu suka haɗu. A 2002 David Kelley da abokan aikinsa a Pittsburgh suka ga mitokondiriyar tsokar masu ciwon sukari nau'i na biyu ƙanana ne, aikinsu kuma ya yi rauni. A 2003, a asibitin Mayo na Amurka, ayarin Sreekumaran Nair ya ɗura wa mutane insulin ta jijiya na sa'o'i da yawa, sannan ya gwada ɗan guntun tsokarsu. A jikin masu lafiya, ƙirar furotin na mitokondiriya ta ƙaru, ƙarfin da suke samarwa ma ya ƙaru. A jikin masu nau'i na biyu kuwa, ƙarfin bai ƙaru ba. Ashe bayan buɗe ƙofa, insulin yana kuma ba tsoka umarnin gyara murhunta.

A 2004, a jami'ar Yale, Petersen da Shulman suka binciki matasa marasa ƙiba, ƴaƴan masu ciwon sukari, waɗanda jikinsu ya fara bijire wa insulin. Aikin mitokondiriyar tsokarsu ya gaza na tsararsu da kusan kashi 30 cikin 100, alhali ciwon bai bayyana ba tukuna.

Sai dai insulin ba shi kaɗai ke gina murhun ba. Tun 1967 John Holloszy ya nuna cewa ɓerayen da aka saba musu da gudu, sinadaran ƙona abinci na mitokondiriyar tsokarsu sun kusa ninkawa. Daga baya aka ga irin haka a jikin mutane.

Saboda haka, ƴan uwana malamai, kada mu mai da lokacin EPS na ƙarasa darasin lissafi. Iyaye kuma, musamman inda ciwon sukari ke cikin dangi, a bar yara, mata da maza, su yi gudu, su taka da ƙafa zuwa lakwal in tana kusa. Amma yaron da likita ya ɗora kan allurar insulin, motsa jiki ba ya maye masa gurbinta. A ci gaba da allurar yadda aka tsara, wasan ya zama ƙari.