Sansanin Malam Sidi da Zauren Mai Unguwa

A 2016 gwamnatin tarayya ta fara shirin gyara tubabbun 'yan Boko Haram, aka ware masa tsohon sansanin masu hidimar ƙasa da ke Malam Sidi, nan Kwami. Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta sa hannu. Mu a Gabukka kuwa, sai dai mu ji a rediyo.

Alhali sulhu aikinmu ne tun tuni, a zauren mai unguwa, liman na gefe. Amma mai neman tallafin waje sai ya nuna rajistar CAC, takardar SCUML ta EFCC, asusun banki, da bayani da Turanci. Wane zaure ke da su? Masu ofis ke samun aikin, in an yaye tubabbe kuma unguwa ce za ta zauna da shi.